"Malam, Shi Nawa Ɗan Ba Shi Da Rabo Ne?"

Ranar Lahadi ce, ranar da kasuwar Illela ke ci. An tashi sujada a nan Araba, jama'a na ta hanzarin kama hanya, sai wata uwa ta tsaya a bakin ƙofar majami'a riƙe da hannun ɗanta. Ta bari kowa ya watse, sa'an nan ta durƙusa ta ce, "Malam, an rubuta sunayen 'yan ajin baftisma, ban ji na ɗana ba. Shi nawa ɗan ba shi da rabo ne?"

Yaron nan kurma ne. Sanƙarau ya kama shi a shekarar 2017, yana ɗan shekara 6. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma jinsa bai komo ba. Tun daga lokacin bai fasa zuwa sujada ba, kullum yana can kujerar baya. Mu kuwa ba mu rubuta sunansa ba, domin a ganinmu ba zai iya haddace tambayoyi da amsoshi ba. Ran nan muka rasa ta cewa. Kunyar da muka ji ita ta sa muka ɗauki alƙalami.

'Yan'uwa cikin Almasihu, irin wannan yaro suna da yawa a ƙasarmu. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kwantar da mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta na cikin tabon da cutar kan bari ga waɗanda suka tashi. Ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya su ma suna toshe kunnuwan 'ya'yanmu. Wajen ido kuwa, binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar nan da an iya hana ta ko a warkar da ita. Yanar ido ce kan gaba. Ga kuma amodari, mai juyar da gashin ido ciki ya yi ta gogar ƙwayar ido har ya lalata ta.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A Littafin Firistoci sura 19 an hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe. Musa da kansa ya kawo kukan nauyin baki, duk da haka shi aka aika wurin Fir'auna. A Yohanna sura 9 almajirai sun so su san wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, Ubangiji ya kawar da wannan tunani. Amma mu duba Markus sura 7 da kyau. Da aka kawo masa kurma mai i'ina, sai Yesu ya janye shi daga taro, ya sa yatsotsinsa a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya dubi sama. Wato kafin ya warkar da shi, ya yi masa magana ta hanyar da zai gane. Mu ne muka tsaya jiran kurma ya zo ta hanyarmu.

Iyayenmu cikin bangaskiya sun riga mu gane haka. A 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda yau aka sani da Asibitin Ido na ECWA. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi, gabas da Birnin Ƙonni. A 1953 mishan ta SUM ta kafa makarantar makafi a Gindiri, inda yara suka koyi karatu da yatsa. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi kansa kurma, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashen Afirka. Shi da ba ya ji ya ƙetare teku saboda kuramenmu, mu kuwa kujeru goma kacal ke tsakaninmu da namu.

To, me muka yi? Da fari muka roƙi gafarar uwar. Sa'an nan muka tarar ashe yaron yana da harshensa. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tun kaka da kakanni, kuma ƙanwarsa ta iya ta sosai, da ita suke hira har da dariya. Muka ɗauke ta malamarmu. Kowace Asabar da la'asar mu huɗu muke zama a gindin dalbejiya, da allo da alli da hotuna. Sau da yawa hannunmu ya kan karkace, yaron ya yi dariya ya gyara mana. Ranar da muka zo kan gicciye, ya nuna tsakiyar tafin hannunsa, ya nuna sama, sa'an nan ya dafa ƙirjinsa. Da muka kai wa limaminmu labari, ya zo ya gani da idonsa, ya ce a rubuta sunansa.

Daga abin da muka koya, ga shawararmu ga ikilisiyoyi. In za ka yi magana da kurma, fuskance shi, haske ya sauka a fuskarka, kada ka yi ihu. A ba shi kujerar gaba, a rubuta lambar waƙa da aya a allo. In ka iske makaho, faɗi sunanka kafin ka gaisa da shi, in za ka tashi kuma ka sanar da shi. Kada ka ja sandarsa, bar shi ya riƙe gwiwar hannunka. Mai i'ina kuwa a yi haƙuri ya ƙarasa maganarsa da kansa, a kuma tsawata wa yara masu kwaikwayonsa. A ba su aiki, domin makaho na iya jagorar waƙa da addu'a, kurma na iya karɓar baiko. Mutum ba ya jin shi ɗan gida ne sai an aike shi.

Ga iyaye mata, musamman 'yan zumunta: jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko yaron da ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi a auna jinsa, kada a ce gado ne ko miskilanci. Kunne mai mugunya kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye. A kai yara rigakafin ƙyanda da na sanƙarau, a wanke musu fuska kullum saboda amodari. Tsofaffi masu yanar ido kada a miƙa su ga masu soke ido na gargajiya, gama ido da yawa ya mutu ta haka. Aikin likita gajere ne, kuma akwai sashen ido da na kunne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Akwai kuma makarantar A. A. Raji a Sakkwato domin yara kurame da makafi. In kuɗin mota ne ya gagara, ai domin irin wannan aka yi asusun taimako.

Gwamnati ma ta yi nata, gama a watan Janairu 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Amma doka ba za ta shigo majami'a ta matsar da kujera ba. Wannan namu ne. Maƙwabtanmu Musulmi masu irin wannan lalura su ma kada mu tsallake ƙofarsu, domin sanƙarau ba ya tambayar addini.

Muna roƙon kowane mai koyarwa da kowane dattijon ikilisiya, ran Lahadi mai zuwa ya ɗaga kai ya dubi kujerar baya, ya kuma ƙirga waɗanda suka daina zuwa tun da idonsu ya dushe. Kada mu jira sai wata uwa ta durƙusa a bakin ƙofa. Yaronmu yana cikin masu shirin baftisma bana, kuma da hannunsa zai ba da amsa. Ku sa shi cikin addu'a, mu ma ku sa mu.

Ubangiji ya buɗe kunnuwanmu da idanunmu. Amin.