Mu Leƙa Argungu, Garin Kanta

A wannan wata za mu leƙa Argungu, wadda ke kimanin kilomita 50 daga Birnin Kebbi, babban birnin Jihar Kebbi. Da yawa daga cikinmu kamun kifi kawai muka san garin da shi, alhali akwai darasi a tarihinsa da ya kamata yaranmu su ji daga bakinmu.

Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya zauna a birnin Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi. Da rundunar jihadi ta ci birnin a 1805, sai sarakunan Kabawa suka yi ta ƙaura har suka tare a Argungu. Shekaru masu yawa ana gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu, mata suna zama zawarawa, yara suna zama marayu.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka har Argungu. Domin karrama babban baƙo, aka shirya masa kamun kifi, kuma daga nan bikin ya samo asali. 'Yar'uwa, ki lura: gabar da kakanni suka gada, ziyara da karɓar baƙo ne suka binne ta. Ina ga ɗan saɓanin da ke tsakaninki da facalarki ko dangin miji?

A kogin Matan Fada ake yin gasar. Masunta kan faɗa ruwa da homa da gora, kowa yana neman babbar giwan ruwa, Sarkin Ruwa kuma yana kula da kogin. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Arzikin garin bai tsaya ga kifi ba. Fadamar Argungu ta shahara wajen noman shinkafa, har kamfanin WACOT ya buɗe babbar masana'antar casa a can a 2017. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin da yawa suna turara shinkafa da bandar kifi a cikin gidajensu, suna rufa wa kansu asiri.

Idan Allah ya kai ku, ku shiga Gidan Tarihi na Kanta. Tsohuwar fada ce da sarakuna suka zauna har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Akwai takubba da masu da sulke da kayan su na da. Sai dai a bakin kogi, kada ki saki hannun ƙaramin yaro ko na ƙiftawar ido.

Ki nemi shawarar maigida, ku ware kwana ɗaya cikin hutun makaranta. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.