Igiyar hammata bayan aikin sankarar mama: a miƙe ta, kada a tsaga

Wata mai sayar da albasa a babbar kasuwar Malanbil ta zo gidan rediyonmu da kuka. An yi mata aikin sankarar mama, ta dawo gida lafiya, amma a mako na uku sai ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura kallabi. Ta nuna wa abokiyar aikinmu hammatarta: ga wani abu kamar tsirkiya a ƙarƙashin fata, ya miƙe har gwiwar hannu. Dangi sun ce cutar ce ta dawo, har an yi maganar kiran wanzami.

Ba cutar ba ce. Lokacin aikin, likita yakan cire kaluluwar hammata don tare yaɗuwar sankara. Ƙananan hanyoyin ruwan jiki da aka yanke sukan toshe su sandare, su ne ke zama wannan igiya. Likitocin birnin Siyatil na Amurka ne suka ba abin suna a 2001. Yakan fito ne tsakanin mako 2 zuwa 8 bayan aiki, ya fi kama mata marasa jiki da waɗanda aka cire wa kaluluwa da yawa. Wata igiya ɗaya take gani, wata biyu ko uku, wani lokaci har wuyan hannu.

Matsalarmu a nan bakin iyaka ita ce nisa. Paraku ta fi kilomita 300 daga Malanbil, Kwatano ta fi 700. Masu bin Gaya zuwa cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai kuwa, rufe gada da aka yi a 2023 ya jefa su cikin jirgin kwale-kwale. Kafin igiyar ta fito, mace ta riga ta yi nisa da likitan da ya yi mata aiki.

Maganin shi ne miƙewa a hankali, kullum. Bayan likita ya ba da izini, a tsaya a fuskanci bango, a riƙa hawa da yatsu sama har a ji ja, a dakata kaɗan, a sauko. Ko a kwanta rigingine, a riƙe muciya da hannu biyu a ɗaga ta zuwa saman kai. Ja ya halatta, zafi mai tsanani a'a. Tsumma mai ɗumi na taimakawa, amma a gwada shi da ɗaya hannun tukuna, domin fatar wurin takan mutu, ta ƙone ba a sani ba. Masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda muke kira kine, sun iya sassauta ta da hannu. In an ji ƙas ana cikin miƙewa, igiyar ce ta saki. Yawanci takan tafi cikin wata 3, ko da yake tana iya dawowa.

Ku 'yan'uwa maza, don Allah kada a yi tsaga, ƙaho ko sakiya a hannun nan. Hannun da ya rasa kaluluwarsa ba ya yaƙi da ƙwayar cuta kamar da, ƙaramin rauni na iya jawo kumburin da ba ya sabewa. Kada kuma a rataye hannun a bar shi. Kafaɗa ce za ta ƙage. Buhun albasa ya jira tukuna.

In hannun ya kumbura, ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko aka ji ƙullutu mai tauri, a je asibitin yankin Malanbil da Karimama ranar, a riƙe takardun aikin.