Ko Kun Sani? Raƙuman Dawa na Maƙwabtanmu

Daga Birnin Kebbi, in kun tsallaka iyaka ta Kamba kuka shiga jihar Dosso, kun doshi mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma: kwarin Dallol Bosso da tuddan Kure, a Nijar. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da rani ganyen gawo ke riƙe su a kwari, da damina su hau tudu, dajin geza, inda gatarin masu kai itace Yamai ya yi ɓarna ƙwarai. Hana farauta, tsare itatuwan da dasa sababbi sun sa yanzu sun haura 600. A 2018 aka kai 8 gandun dajin Gadabeji, jihar Maraɗi.