Yadda gazawar halittar adirenal ke haddasa saukar jini

Yawancin jama'a sun fi sanin illar hawan jini, amma saukarsa fiye da kima ma na iya hallaka mutum. Ɗaya daga cikin musabbabansa shi ne gazawar adirenal, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman kowace ƙoda.

Halittun na samar da sinadarai biyu masu riƙe ƙarfin jini. Na farko, aldosteron, shi ke sa ƙoda ta adana gishiri da ruwa. Idan ya yi ƙaranci, sai su zube ta fitsari, yawan jinin da ke zagaya jiki ya ragu. Na biyu, kotisol, shi ke taimaka wa jijiyoyin jini su tsuke yadda ya kamata. Rashinsa kan sa su saki, awon jini ya faɗi ƙasa da 90/60.

Alamomin cutar sun haɗa da jiri idan an miƙe tsaye, kasala, rama da amai. Idan halittun da kansu ne suka lalace, akan ga kwaɗayin gishiri da duhun fata. Wannan nau'in ake kira cutar Addison, da sunan likitan Ingila Thomas Addison wanda ya bayyana ta a 1855. A ƙasashen Turai garkuwar jiki ce ta fi lalata halittun, yayin da a ƙasashe masu tasowa tarin fuka ke cikin manyan dalilai.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi Najeriya kai tsaye, wato shan magunguna irin su Dexamethasone da Prednisolone ba da umarnin likita ba, musamman domin yin ƙiba, abin da ake kira “sha ka fashe”. Daɗewa ana shan su kan sa jiki ya daina samar da nasa kotisol ɗin. Idan aka yanke su lokaci guda, jini na iya faɗuwa, mutum ya sume.

Saboda haka likita ne ya kamata ya riƙa rage maganin sannu a hankali. Wanda ya galabaita kuwa, a gaggauta kai shi asibiti domin allurar Hydrocortisone da ƙarin ruwa. Masu cutar Addison kan sha magungunan da ke maye gurbin sinadaran tsawon rayuwa, kuma likita kan ƙara musu yawan maganin a lokacin zazzaɓi ko tiyata.