Kira Na Goma Ba Ya Sa Mota Ta Isa da Wuri

Uwa ce ɗanta ya tashi daga Kano da hantsi zai tafi Kaduna. La'asar ta yi, ta kira, waya ba ta shiga. Kafin magariba ta kira sau goma, ta kira abokinsa, ta sa ƙanwarsa ta leƙa Facebook ko an sa hoton wani haɗari. Sai bayan isha'i ga kiransa: caji ne ya ƙare, tun azahar yana masauki. Ta yi hamdala, amma tuwon dare ya riga ya gagare ta. Ba abin da ya sami yaron. Rashin sanin halin da yake ciki ne ya wahalar da ita wuni guda.

Masana sun gwada wannan a zahiri. A shekarar 2016, masu bincike a jami'ar University College London da ke Ingila suka zaunar da mutum 45 gaban kwamfuta, ana nuna musu duwatsu, su canki ko akwai maciji a ƙarƙashi. In aka ɗaga dutse aka ga maciji, sai a ɗan ja mutum da lantarki a hannu. Ana auna gumin jikinsu da yadda ƙwayar idonsu ke buɗewa. Hankalinsu ya fi tashi a lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ja su ko kada a ja su. Wanda ya tabbatar za a ja shi ya fi wanda bai sani ba natsuwa. Ashe zullumin bulala yakan fi bulalar zafi.

Tun kafin nan, a 1994, wasu masana halayyar ɗan Adam a jami'ar Laval ta Kanada, cikinsu har da Michel Dugas da Robert Ladouceur, sun fito da ma'aunin gane yadda mutum ke iya jure rashin tabbas. Sun lura cewa masu yawan fargaba ba lallai ne sun fi kowa matsala ba. Bambancinsu shi ne ɗan ƙaramin "wataƙila" ya isa ya hana su sakat, kamar yadda ƙurar hunturu da kowa ke shaƙa ya wuce take kwantar da mai ciwon asma.

Inda gizo ke saƙar shi ne dabarar da mai fargaba yake ɗauka magani. Ma'aikaci ya duba waya sau ashirin ko albashi ya shigo. Wadda aka ba takardar gwajin jini ta nuna wa mai kemis, da maƙwabciyarta ma'aikaciyar jinya, sannan ta kwana tana bincike a intanet. Mai shago ya kasa barin yaronsa da kanti ko na awa ɗaya. Wani kuma ya shekara biyu yana shawarar sana'ar da zai kama, yana jiran ranar da za a ba shi tabbacin riba. Kowane dubawa yana kawo sauƙi na 'yan mintoci, kuma wannan sauƙin ne tarkon. Zuciya sai ta ɗauka dubawar ce ta tsirar da ita, gobe ta nemi ƙari. Susar ƙazuwa ke nan: daɗi a take, miki daga baya.

To mene ne abin yi? Likitocin da ke kula da masu wannan lalura ba sa ƙoƙarin tabbatar wa mutum cewa kome zai tafi daidai, domin ba wanda ke da wannan tabbacin da zai bayar. Suna sa shi ya saba da zama cikin rashin sani, kaɗan-kaɗan, daga abin da ba shi da haɗari. Ka tura saƙo, ka ajiye wayar awa guda ba ka duba an karanta ba. Ka kulle ƙofa sau ɗaya, kada ka koma ka taɓa kwaɗon. Uwar nan ta yi kira ɗaya, ta ƙudura ba za ta sake ba sai bayan isha'i. Ƙirji zai buga, wannan ba makawa. Amma in aka daure ba a sosa ba, bugun yakan lafa da kansa, kuma nan ne darasin yake shiga.

Yana da amfani mutum ya rubuta abin da yake tsoro, daga baya ya dawo ya rubuta abin da ya auku. A jami'ar jihar Pennsylvania ta Amurka an sa mutum 29 masu fama da matsananciyar fargaba yin haka, aka tarar kusan kashi 91 cikin ɗari na abubuwan da suka tsorata ba su faru ba. Mutanen ba su da yawa, amma kowa na iya gwadawa da littafinsa da biro.

Mu kam ba baƙin wannan ilimi ba ne. Manomin da ke yin binne yana zuba irinsa a busasshiyar ƙasa, sama ba ko gajimare, ya koma gida ya yi barci. Ya yi nasa, saura ba a hannunsa yake ba. Haka hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali yake koyarwa. Sai dai a kula, ɗaurewa aka ce, ba a ce a kwana ana komawa duba igiyar ba. Kuma wanda ya tambayi direbobin tasha lafiyar hanya kafin ya kama tafiya, ko ya ƙi tafiyar dare inda ake tare mutane, ɗaure raƙumi ya yi, ba fargaba ce ke damunsa ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a dubi mai wannan hali a ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ciwo ne kamar hawan jini.

Idan zullumin ya kai wata shida yana hana ka barci, ko cin abinci, ko fita nema, ka je ka ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Ba sai wanda ya tuɓe riga ake kaiwa can ba.