Bayan An Ƙirga Kuɗi: Halin da Masu Sayen Kwamfuta Ke Ciki a Gulma, Argungu da Birnin Kebbi

Cinikin kwamfuta da wayar hannu a garuruwan kwarin Rima, tun daga Gulma da Argungu har zuwa Birnin Kebbi, ciniki ne mai fuska biyu, domin fara'ar da mai shago ke tarbar mai saye da ita kafin a ƙirga kuɗi ba kasafai take kaiwa ranar da aka dawo masa da kayan da suka ƙi aiki ba. Kukan da ya fi yawa a bakin mutane na wulaƙanci ne, ko da yake tsadar ma tana nan, wato a sayar wa mutum abu mai aibi sannan a riƙa yi masa yawo da hankali, yau a ce ya dawo jibi, gobe a ce maigida ya yi tafiya, gata a ce an aika kayan Kano ba su iso ba tukuna, har ya gaji don kansa ya bar wa Allah.

Abin ya yi nauyi ne saboda kwamfuta ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan larura. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan ta kwamfuta, kuma ɗalibin da ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ba zai kammala ba sai ya nemi na'urar da zai buga aikinsa na ƙarshe. Kuɗin da ake kaiwa shago sau da yawa kuɗin shinkafar rani ne, da uba ya noma a fadama da fetur mai tsada, ya sayar da buhunansa don ɗansa kada ya ji kunya a cikin tsararsa.

Domin a gane dalilin da ya sa mai shago ke guje wa karɓar kaya, sai an bi sawun kayan zuwa inda suka fito. Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a wannan yanki na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus ko kwatano, ma'ana an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a yo jigilarsu ta tashar ruwan Legas ko ta Kwatano. Daga can sai su sauka a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, su hauro Kano zuwa Titin Beirut da kasuwar Farm Centre, kana ɗan sari ya ɗauko 'yan ƙwayoyi ya kawo shagonsa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hannu a ciki, aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa a 2015 da 2016 an shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki Nijeriya a kowace shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba ya aiki tun a bakin ruwa. Kowane hannu da kayan suka ratsa yana cire masu kyau ya tura saura gaba, ba tare da garanti ba, wato alƙawarin gyara ko musanya idan kaya suka lalace cikin wani wa'adi, don haka asarar takan yi ta gangarowa har ta tsaya a kan na ƙarshe a layi, wanda shi ne mai saye na ƙauye. Faɗuwar naira, daga kimanin 460 kan dala ɗaya kafin watan Yuni na 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta kori mutane da dama daga sabon kaya, sannan daina sabunta manhajar Windows 10 da kamfanin Microsoft ya yi ranar 14 ga Oktoba, 2025 ya ba ofisoshin ƙasashen waje dalilin sallamar tsofaffin na'urorin da ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba.

A nan ne ƙwarewar mutumin kasuwa ke gaza masa. Bagulme ba baƙon ciniki ba ne: yakan cusa hannu can cikin buhun shanshera ya dumtso, ya murza a tafi, ya ciza ƙwaya ɗaya ya san ko ta bushe, kuma yakan buɗe bakin rago ya karanta shekarunsa a haƙori. Aibin kwamfuta kuwa a ciki yake, bayan murfin da aka goge da mai har yana ƙyalli. A kan teburin shago akan kunna ta da caja a jone, allo ya kawo haske, a buɗe masa hoto ko fim, yaron shago ya ce, "Ka gani, Alhaji, garau take," alhali batirin da ke ciki ba zai riƙe wuta rabin awa ba da zarar an zare waya. Akwai kuma lambar da ake mannawa kusa da madannai mai nuna ajin ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ko da gaskiya ce ba ta faɗin zamanin da aka ƙera ta, don kuwa Core i5 na 2012 da Core i5 na 2020 suna ɗaya gare su amma tazarar ƙarfinsu mai yawa ce. Rumbun ajiya da ya fara mutuwa shi ma yakan yi lafiya kwana uku ko mako guda kafin ya tafi da duk abin da ɗalibi ya rubuta.

Idan aka dawo da kayan, amsoshin sanannu ne. "Lafiya lau ka ɗauke ta," in ji mai shago, ko ya ce wutar NEPA ce ta ƙona ta, ko zafi ne, kuma da yake wutar yankin ba ta da tabbas, zafin bazara kuma yana haura digiri 40, zargin yakan zauna ko da ba shi ne ba. Nisa ma makami ne. Wanda ya taso daga Gulma ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa ko shagonsa yini guda, ba zai jure zuwa na huɗu ba, kuma wasu masu shagunan sun san haka sarai. Adalci dai ya sa a faɗa cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma ɗan kasuwa mai ƙaramin jari yana da nasa tsoron, tunda shi ma a rufe ya saro, kuma akwai masu saye da ke yar da na'ura ko su kai wa mai gyara ya sauya kayan ciki sannan su dawo suna rantsuwa. Sai dai wannan tsoro bai halatta masa ya mayar da kowane mai ƙorafi abin zargi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit cewa ba a dawo da kaya bayan an biya, wanda jama'a suka ɗauka doka ce alhali ya saɓa wa doka. Dokar Tarayya ta Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa bisa dokar soja ta 1992. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana idan kayan na hannu ne ko gyararru ne, sashe na 118 ya wajabta masa ba da shaidar ciniki a rubuce, sashe na 132 kuma ya ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka gaza, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma ɗawainiyar tana wuyan mai sayarwa. Matsalar ita ce doka tana Abuja da Turanci, mai saye yana Gulma.

Amma wannan haƙƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi da Gwandu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala da Muhtasar, sun yi bayanin zaɓin aibi, wato damar da mai saye ke da ita ta mayar da haja idan ya gano tsohon lahani da bai sani ba lokacin ciniki, kuma sun haramta algus da ɓoye aibi. Malamai sukan buga misali da dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, wadda shari'a ta ba shi damar mayarwa bayan ya tatsa ya gane. Batirin da aka cika da wuta don gwajin minti biyar bai bambanta da wannan hantsa ba. Kotunan shari'ar Musulunci na jihar suna bin wannan mazhaba, kuma suna kusa da talaka fiye da kowane ofishi na tarayya.

Tsohuwar kasuwa ta magance irin wannan rikici da dillali, wanda la'adar da yake karɓa kuɗin shaida ce, domin shi ake nema idan saniya ta fito ta sata ce ko mai cuta, ga kuma sarkin kasuwa a bayansa. Shagon kwamfuta ya gaji tayi da albarka da sallamawa, ya bar wannan shaidar. Waɗanda suka fi cancanta su maido da ita su ne ƙungiyoyin masu sayar da waya da kwamfuta da kansu, ta hanyar tsayar da wa'adin gwaji ɗaya ga kowane shago da kwamitin da zai saurari ɓangarorin biyu. Kafin a kai ga haka, mai saye yana da ikon ya sa a zare caja ya zauna awa guda yana kallon yadda batir ke sauka, ya zo da wanda ya san na'ura, sannan ya ƙi miƙa kuɗi sai an rubuta masa a rasit lambar jikin kwamfutar, da girman rumbunta, da kalmar "ta hannu", da kwanakin gwajin da aka amince, a gaban shaida guda.