Zaɓen Ƙaramar Tarakta a Ƙasar Kazaure: Mai Giya ko Mai Matsin Mai

Ƙananan taraktoci iri biyu ne ta fuskar yadda ƙarfin inji ke isa ga tayoyi. Akwai mai giya da kuloci, akwai kuma wadda famfo ke tura mai ya juya tayoyin, direba na taka feda kurum. Ta biyun ta fi daɗin sarrafawa wajen lodi, amma wani kashi na ƙarfinta yakan salwanta ya zama zafi, kuma ƙura kaɗan cikin man takan lalata famfon. Manomin Achilafiya kuwa, babbar bukatarsa ita ce huɗar gonar gyaɗa a farkon damina. A nan mai giya ta fi ja, kuma in kuloci ya ƙone, bakanike a Kazaure na iya gyarawa kafin damshi ya wuce.